Tukunyar Gas a Shagon Walda: Tsakanin Camfi da Ilimi

Duk wanda ya ratsa layin makanikai a Kano, ko Kaduna, ko Maraɗi, zai ga dogayen tukwanen ƙarfe a jingine a bakin shagunan masu walda da masu gyaran jikin mota. Wata a tsaye take, wata a kwance cikin ƙura, wata kuma an ɗora ta a baro yaron shago yana turawa zuwa inda aka kira maigidansa aiki. Da yawa daga cikin waɗannan yara ɗalibai ne, da safe suna aji, da yamma suna koyon sana'a. Abin da suka sani game da tukwanen daga bakin magabata suka ji shi, su ma magabatan haka suka gada. A cikin wannan gado akwai hikima ta gaske, wadda aka saya da ƙuna da tabo. Amma akwai kuma camfi, kuma camfin iri biyu ne. Wani yana sa mutum tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba, wani kuma yana sa shi sakaci da abin da zai iya hallaka shi tare da maƙwabtansa. Hanyar rarrabe su guda ce, wato sanin abin da ke cikin tukunyar da irin halinsa.

Abin da ke cikin tukunya

Iskar da ke kewaye da duniya tana danna kowane abu da nauyin kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Wannan shi ake kira matsin iskar sarari, kuma da shi za a riƙa kwatanta matsin tukwane a wannan bayani. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki kimanin ninki 2 na wannan matsi. Tukunyar oksijin kuwa akan cika ta har ninki 150 ko 200. Ma'ana, tukunyar da cikinta ke cin lita 50 ta ruwa, idan aka cika ta a ninki 200, tana riƙe da iskar da za ta bazu ta kai kusan lita 10,000 in an sake ta.

Mai walda da gas yana haɗa iska biyu ne, oksijin da asitilin. Edmund Davy ne ya gano asitilin a shekarar 1836. A 1892 aka gano hanyar yin kabaid da yawa cikin araha, wato dutsen nan mai ruwan toka da ke fitar da asitilin idan ya haɗu da ruwa. A 1903 kuma wasu injiniyoyi biyu na Faransa, Fouché da Picard, suka ƙera bakin wutar da ke haɗa iskar biyu. Harshen wutar da ke fita daga gare shi zafinsa ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500.

"Ai oksijin iska ce kawai"

Wannan shi ne camfi mafi haɗari a sana'ar. Saboda an ɗauki oksijin a matsayin iskar shaƙa, sai ka ga yaro ya juya bakin tiyo yana kakkaɓe ƙurar rigarsa da ita, ko yana shan iska da ita a lokacin bazara. Wasu kuma akasin haka suke cewa, wai oksijin ita ce mai ci da wuta kamar fetur. Duka biyun kuskure ne. Oksijin ba ta ci da wuta, amma babu abin da zai ci wuta in ba ta. A cikin iskar sarari kashi 21 cikin 100 ne oksijin, sauran galibi naitirojin ce, wadda ke rage wa wuta kaifi. Da zarar oksijin ta haura kashi 23 ko 24 a wuri, sai halin abubuwa ya sake. Rigar da a da tartsatsi zai ɗan huda ta kawai, yanzu sai ta kama gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Tufa tana riƙe oksijin a tsakanin zarenta na wani lokaci, don haka yaron da ya kakkaɓe rigarsa da ita ya koma bakin aiki, ya sa kansa cikin hatsari ba tare da ya sani ba.

Tarihi ya nuna haka. A ranar 27 ga Janairu 1967, 'yan sama jannati uku na Amurka sun ƙone a cikin kumbon Apollo 1 yana ƙasa bai tashi ba, domin an cika ɗakinsu da zallar oksijin, tartsatsi ɗaya ya isa. A ranar 23 ga Satumba 1976 kuma, a wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke arewa maso gabashin Ingila, tiyon oksijin ya kwana yana yoyo a cikin jirgin yaƙi mai suna Glasgow da ake ƙerawa. Da safe wani ya kunna walda, mutum 8 suka rasa rayukansu.

Babban abokin gabar oksijin shi ne maiƙo. Baƙin mai da giris, idan suka haɗu da oksijin mai matsi, suna iya kamawa da kansu ba tare da ashana ba. Dalili kuwa, idan aka buɗe bawul da gaggawa, iska tana rugawa cikin ragileta ta danne wadda ke ciki nan take, sai zafi mai tsanani ya tashi, irin ɗumin da ake ji a famfon keke amma ninkin ba ninkin. In akwai ɗigon mai a wurin, ragiletar kanta tana iya kamawa ta tarwatse a fuskar mai buɗewa. Saboda haka ba a shafa wa bawul mai don ya yi laushi, ba a taɓa shi da hannu mai maiƙo, kuma a hankali ake buɗe shi, mutum yana tsaye a gefe.

Tukunya da numfashin ɗan Adam

Akwai masu cewa shaƙar oksijin daga tukunya tana wartsakar da gajiya, tana ƙara ƙarfi. Ilimin halittu bai goyi bayan wannan ba. Abin da ke ɗaukar oksijin a jini shi ne himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja. A jikin lafiyayyen mutum mai shaƙar iskar sarari, himogulobin ya riga ya cika da kimanin kashi 97 cikin 100 na abin da zai iya ɗauka. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙarin ruwa. Majiyyacin da huhunsa ya gaza shi ne ke buƙatar ƙari, kuma ta asibiti ake ba shi, domin tukwanen asibiti suna da dokokin tsafta da kulawa waɗanda ba a bi wa tukunyar gareji.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai iskar da ake rainawa saboda ba ta ci da wuta, irin su agon da naitirojin, waɗanda ake amfani da su a wasu nau'o'in walda na zamani. Ba su da wari, ba su da launi, ba guba ba ne. Haɗarinsu shi ne suna korar oksijin daga wuri. Agon ta fi iskar sarari nauyi, don haka takan taru a ƙasan tanki, ko rami, ko rijiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jiki ba ya jin ƙarancin oksijin kai tsaye yadda ya kamata. Abin da ke sa mutum ya ji numfashi ya ƙure masa shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini. Wanda ya shiga tankin da agon ta cika yana fitar da kabon dayoksaid kamar kullum, saboda haka ba ya jin wata alama, sai dai kawai ya faɗi sumamme. Idan oksijin ta yi ƙasa da kashi 10, suma tana zuwa da sauri, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna fara mutuwa cikin 'yan mintuna. Sau da yawa mutum na biyu da ke mutuwa shi ne wanda ya yi tsalle ya shiga ceto.

Zafin rana

Ana yawan cewa tukunyar oksijin da aka bari a rana za ta fashe da kanta. Wannan magana ɗalibin sakandare zai iya auna ta da alƙalami. Idan iska tana rufe a mazubin da ba ya buɗawa, matsinta yana ƙaruwa daidai da zafinta a ma'aunin Kelbin, wanda ake samu ta hanyar ƙara 273 a kan Salshiyos. A ce an cika tukunya a ninki 150 da safe, zafi yana digiri 27, wato 300 a Kelbin. Ranar watan Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri ta gasa ƙarfen har ya kai digiri 57, wato 330. Ƙarin kashi 10 cikin 100 ne, matsi ya tashi daga 150 zuwa 165. Ita kuwa tukunya, kafin ta bar masana'anta, akan gwada ta da ruwa a kan aƙalla ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta, wato 225. Ashe ke nan rana kaɗai ba ta isa ta fasa lafiyayyar tukunya ba.

Sai dai a lura da kalmar "lafiyayya". Tukunyar da tsatsa ta ci gindinta, ko wadda aka taɓa yi wa walda a jiki, ko wadda ta shekara da shekaru ba a sake gwada ta ba, lissafin nan bai shafe ta ba. Doka a ƙasashe da yawa ta ce a sake gwajin kowace shekara 5 ko 10, kuma ana buga kwanan watan gwaji a kafaɗar tukunya don kowa ya karanta. Haka nan gobara daban take da rana. A digiri 600 matsin ya kusa ninka uku, ƙarfen kuma ya yi asarar kusan rabin ƙarfinsa. Tukunyar gas ta girki, wadda wasu ke haɗawa da oksijin don yankan ƙarfe, ita ma hukuncinta daban ne, domin ruwa ne a cikinta, kuma ruwan yana kumbura da zafi. Shi ya sa ake cika ta kimanin kashi 80 kawai. In an cika ta maƙil, rana tana iya zame mata matsala. Ajiye tukwane a inuwa dabara ce mai kyau, amma wanda ke tsoron rana yana ajiye tukunyarsa kusa da murhun mai shayi ya ɓata lissafi.

Sirrin tukunyar asitilin

Mutane da yawa sun ɗauka tukunyar asitilin fanko ce da aka ɗura wa iska kamar ta oksijin, don haka kwantar da ita ko tsayar da ita duk ɗaya ne. Da haka ne, da babu wanda zai iya ɗaukarta. Asitilin tana da wani hali na daban. Idan aka matse ta ita kaɗai fiye da kimanin ninki 2, tana iya wargajewa zuwa kabon da haidurojin, ta saki zafi mai yawa, ko da babu oksijin ko kaɗan a wurin. A ƙarshen ƙarni na 19 mutane da dama sun mutu wajen ƙoƙarin adana ta. A 1896 masana biyu na Faransa, Claude da Hess, suka gano cewa ruwan asiton yana shanye asitilin, lita 1 tana shan kimanin lita 25, kuma shan yana ƙaruwa idan matsi ya ƙaru. Daga baya Gustaf Dalén na ƙasar Suwidin ya inganta wani abu mai ƙananan ramuka kamar soso da ake cika tukunya da shi, don kada a bar wa iskar sararin da za ta taru. Dalén ya sami kyautar Nobel a 1912, kuma a wannan shekarar ce wata tukunyar asitilin da yake gwaji da ita ta fashe ta makantar da shi.

Don haka abin da ke cikin tukunyar asitilin soso ne mai tauri da ya jiƙe da asiton, iskar kuma tana narke a cikin asiton kamar yadda iska ke narke a lemon kwalba. In aka yi aiki da ita a kwance, asiton zai biyo tiyo, ya ɓata roba, ya ɓata wuta, ya kuma bar iskar ba mai riƙe ta. Tukunyar da aka kawo a kwance sai an tsayar da ita ta ɗauki lokaci kafin a buɗe. Ba a kuma haɗa tiyon asitilin da guntun bututun jan ƙarfe, domin su biyun suna haifar da wani sinadari mai fashewa da ɗan bugu.

Mafi muhimmanci, tukunyar asitilin da wuta ta taɓa, ko wadda wuta ta biyo tiyo ta koma cikinta, tana iya ci gaba da wargajewa a ciki bayan an kashe gobarar waje. In ta yi ɗumi ba dalili, ba a ɗaukarta, ba a girgiza ta. A kori jama'a, a kira 'yan kwana-kwana. Akwai ƙaramar na'ura mai tare wuta da ake ɗaurawa a bakin ragileta. Tukunyar kabaid ta ƙirar gida, wadda masu gyaran jikin mota da yawa ke amfani da ita, ta fi kowace buƙatar wannan kariya, domin kilo 1 na kabaid yana ba da kimanin lita 300 na asitilin tare da zafi, kuma a cikinta babu soso babu asiton.

"Ta ƙare, ba kome a ciki"

Idan allurar geji ta sauka a kan sifiri, ba ta ce tukunya ta zama fanko ba. Abin da ta ce shi ne, matsin ciki ya yi daidai da na waje. Tukunya mai lita 50 tana nan da lita 50 na iskarta. Asitilin tana kamawa ko da kashi 2.5 ne kawai cikin 100 na iska, har zuwa sama da kashi 80. Wanda ya sa wuta zai yanka tsohuwar tukunyar gas don ya yi murhu ko ƙararrawa, yana wasa da ransa. Hukunci ɗaya ne da na tankin fetur ko durom da aka juye. Wanda ya cika da mai ba shi da sararin iska, wanda aka juye kuwa cike yake da tururin mai da iska a gauraye, kuma wannan shi ne mai fashewa. Haka kuma ba a neman yoyo da ashana. Ruwan sabulu marar maiƙo ake shafawa, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar.

Launi ba shaida ba ne

Akan ji maigida ya ce wa yaro, "Ɗauko baƙar, ita ce oksijin." A tsohon tsarin Ingila haka ne, oksijin baƙa ce, asitilin kuma ja mai duhu, launin da ake kira jinin kare. Amma a tsarin Turai na yanzu, farar kafaɗa ita ce oksijin, baƙar kafaɗa kuwa naitirojin ce. A Amurka kuma kore aka fi shafa wa oksijin. Kasuwar da tukwane ke shigo mata daga ƙasashe daban-daban, wasu ma an sake musu fenti, launi ba abin dogaro ba ne a cikinta. Abin dogaro shi ne rubutun da ke jikin tukunya. Maƙera sun ƙara wata kariya, notin iska mai ci da wuta hagu ake murɗa shi, kuma yana da tsaga a jikinsa, na oksijin kuwa dama. In ragileta ta ƙi shiga, gargaɗi ne, ba matsala ce da za a kai wa mai tanin ya yi mata mahaɗi ba.

Labarin da ya zama gaskiya, da wanda bai zama ba

Ba duk abin da ake faɗa a shago ne camfi ba. Labarin tukunyar da ta faɗi, kanta ya karye, ta tashi kamar roka ta fasa bango, wasu suna ɗaukarsa ƙari ne irin na hira. Gaskiya ne. A 2006 wani shirin talabijin na Amurka mai suna MythBusters ya gwada, aka sare kan tukunya, ta ruga ta huda katangar bulo. Wuyan bawul shi ne wuri mafi rauni a jikin tukunya, shi ya sa ake ɗaure ta da sarƙa a tsaye, ake kuma rufe kanta da hular ƙarfe kafin a motsa ta.

A gefe guda, a inda ake amfani da haɗin agon da kabon dayoksaid, akwai masu mirgina tukunya a ƙasa kafin aiki, wai iskar mai nauyi ta kwanta a gindi. Ƙwayoyin iska ba sa hutawa, kullum gudu suke suna karo da juna, kuma iskar da ta gauraya sosai ba ta rabuwa da kanta a yanayin zafi irin na shago. Iskar ɗaki ma haɗi ce, amma ba a taɓa samun oksijin a ƙasa naitirojin a rufi ba. Mirginawar ba ta gyara kome, sai dai ta jawo wa bawul bugu.

Aikin makaranta

Camfi yana daɗewa ne saboda hatsarin tukunya ba kullum yake faruwa ba. Mutum yana iya shekara 20 yana shafa wa bawul mai bai ga kome ba, sai ya ɗauka ƙwarewa ce ta kare shi, alhali sharuɗɗan ne ba su taɓa haɗuwa ba. Ranar da suka haɗu kuwa, ba shi kaɗai abin zai shafa ba, tun da shagunan walda suna cikin unguwa, bango ɗaya da gidaje da makarantu.

A nan malamin kimiyya yake da rawar takawa. Darasin dokokin iska, da na ƙonewa, da na numfashi, duk suna cikin manhaja, kuma ga misalansu a bakin titi. Malami zai iya ba ɗalibai lissafin tukunya a rana su yi da kansu. Zai iya nuna musu yadda tsinken da ya kusa mutuwa ke sake kamawa a kwalbar oksijin, sa'an nan ya tambaye su me zai faru da riga. Ɗalibin da ya fahimci dalili, ba haddar doka kawai ba, in ya koma shago da yamma zai iya yi wa maigidansa bayani cikin ladabi, kuma maigidan da ya ga hujja ba ya ƙin abin da zai tsare masa rai da dukiya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A shagon walda, sanin yana farawa ne daga karanta abin da aka rubuta a kafaɗar tukunya.